Ku Jira Turancin Ya Wuce

Mai girma shugaban wannan taro, Shugaban Makaranta Malam Nie. Mai girma wakilin ofishin ilimi na gundumarmu. Shugabar ƙungiyar iyaye da 'yan kwamitinta. Abokan aikina malamai, manya da ƙanana. Kakanninmu da suka gangaro daga kan duwatsu suna dogara sanda. Iyaye maza da iyaye mata waɗanda har yau gajiyar mota ba ta sake su ba. Da ku ɗalibai da kuka jeru a jikin bango kuna zaton ba na ganin masu raɗa: ina gaishe ku baki ɗaya. Barkanmu da Sabuwar Shekara, barkanmu da sanyi, barkanmu da ganin juna.

Godiyata ta farko ga Malam Nie ne, da ya sa wannan taro a wannan mako, tun ba a share jajayen takardun wasan wuta daga ƙofofin gidaje ba, domin ya san a duk shekara wannan makon ne kaɗai iyayen da ke aiki a birane masu nisa da 'ya'yansu ke kwana ƙarƙashin rufi ɗaya a gundumar nan. Ina gode wa matan ɗakin girki da suka dafa mana shayi tun da sassafe. Ina gode wa duk wanda ya ɗaga tafiyarsa domin ya zauna a kan wannan benci mai sanyi ya saurari tsohuwa.

Ga wanda bai san ni ba, sunana Kuang Guilan, ni ce mai koyar da Turanci a ajin ƙarshe. Da yawa daga cikinku sun san ni fiye da yadda suke so, don na tsayar da su a bakin ƙofar aji saboda barci tun ba su yi gemu ba. An ce in yi magana a kan fahimtar karatu, saboda makin yaranmu ya yi ƙasa a wannan sashe. Abu uku zan faɗa. Biyun farko gajeru ne, na ukun kuwa ban yi alkawari ba.

Na farko, mene ne wannan abu da 'ya'yanku ke kuka da shi? Ana ba yaro guntun rubutu da Turanci, bai cika shafi ba: yau labarin wani mai dashen itatuwa, gobe labarin yadda ƙudan zuma ke gane hanya. A ƙasa a jera masa tambayoyi, kowace tambaya da amsoshi huɗu, ɗaya ce ta gaskiya, ukun 'yan rakiya ne. A babbar jarrabawar shiga jami'a, wannan sashe shi ke da kaso mafi tsoka a takardar Turanci. Yaranmu kuwa, da yake wayo bai yi musu ƙaranci ba, sun gaji dabaru daga yayyensu. A fara da tambaya, a tsinci kalma ɗaya, a bi rubutun da yatsa ana farautarta kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa. In amsoshi uku dogaye ne ɗaya gajeriya, a ɗauki gajeriyar. In kai ya ɗaure, a ɗauki ta uku a bar wa sa'a sauran. Kada ka yi dariya, Baban Lifen, kai ma da wannan dabarar ka shiga jarrabawa, kuma ban manta makin da ka ci ba. Dabara tana iya ba yaro maki biyu ko uku, amma ba ta taɓa ba shi labarin da ke cikin takardar ba, kuma masu tsara jarrabawa sun riga mu sanin dabarun nan.

Na biyu, yadda nake aiki. Duk Asabar, in yara za su tafi gida, ina ba kowa rubutu ɗaya. Sharaɗina bai sauya ba: ya sami wani a gida ya karanta masa da Turanci da ƙarfi, sannan ya kifa takardar, ya ba shi labarin da harshen ƙauyenmu, wanda ake ciniki da shi a kasuwa, ake faɗa da shi a gona. Ranar Litinin ya zo min da abin da mai sauraron ya ce. Ba sa hannu nake so ba, magana nake so. Wani kaka da aka ba shi labarin mutanen da ake biya domin su fita yawo da karnukan wasu, ya aiko min cewa ko dai marubucin maƙaryaci ne, ko jikansa bai iya Turanci ba. Na ji daɗin wannan saƙo ƙwarai, domin yaron da kakansa ya yi gardama da labarinsa, ya fahimci abin da ya karanta. Waɗanda ba su da kowa a gida kuwa, kuma ba kaɗan ba ne, nakan ce su ɗauki waya su aika wa uwa ko uba saƙon murya, Turancin a gaba, labarin a baya.

Na uku, zan ba ku labarin wani ɗalibina, Ran Dongsheng. Mahaifiyarsa tana cikin ɗakin nan, ita ce kuma ta ce in faɗa, kada in rage komai.

Mahaifinsa ya rasu tun yana ƙarami. Mahaifiyarsa tana ɗinkin takalma a wata masana'anta can nesa a lardin Guangdong, kakarsa ce ta raine shi. A duk masu sauraron da yarana suka taɓa samu, ban ga kamar tsohuwar nan ba. Tana zaune tana shirya barkono a zare, yana ba ta labari, tana katse shi: wannan mutumin wauta ya yi, waccan matar ba ta da kunya, to sai me ya faru? Dongsheng ba mai yawan magana ba ne, amma ranar Litinin bakinsa ba ya rufuwa, kuma a fahimtar karatu babu mai gabansa a ajina. Bayan girbin shinkafa kakar ta kwanta, ba ta tashi ba. Uwar ta zo aka yi jana'iza, ta koma, don masana'anta ba ta jiran mai makoki. Daga nan duk Asabar yaron nan yakan hau dutse, ya buɗe gidan da shi ya kulle, ya hura wuta a murhu shi kaɗai, ya kunna turare a gaban hoton kakarsa, ya zauna ya yi wa waya karatu. Uwar ba ta taɓa fashin amsawa ba: hoton babban yatsa, da kalmomi uku, yi ƙoƙari ɗana.

Da sanyi ya kankama, na ba su wani rubutu a kan tsuntsayen nan na ƙasar ƙanƙara da ba sa tashi sama. Iyayen sukan bar ɗan tsako cikin dubban 'yan tsaki, su tafi teku neman abinci, su daɗe, su dawo su gane nasu. Tambaya ta ƙarshe ita ce, da me uwar ke gane ɗanta? Amsar a fili take, da muryarsa. Har masu zaɓen gajeriya sun ci wannan tambaya. Dongsheng ya bar gurbin fari fat.

Na kira shi ofis, na yi masa faɗa irin nawa da kuka sani. Ya bari na gama, sannan ya ce, “Malama Kuang, na gane abin da aka rubuta. Yarda ce ban yi ba.”

Sai da na matsa masa ya gaya min. A ƙarshen wani saƙo, bayan ya gama labari, ya tambayi mahaifiyarsa inda Kaka ke ajiye babban bargon sanyi, don ya duba ko'ina bai gani ba. Amsa ta zo, babban yatsa. Asabar ta zagayo ya sake tambaya. Babban yatsa. Daga nan ya san ba a buɗe saƙonnin, ya san wata da watanni shi kaɗai yake magana a ɗaki. Bai ƙara aikawa ba, bai kuma gaya wa kowa cewa da rigar makaranta yake kwana a ƙarƙashin mayafin bazara ba. Da zango ya ƙare ya same ni ya ce ba zai dawo ba, kawunsa ya sama masa aikin kai saƙon abinci a kan babur a birnin Hangzhou. Jama'a, yaron da jarrabawarsa ke tafe a bazarar nan, yaron da ƙofar jami'a ke buɗe masa! Na yi lallashi, na yi faɗa, na yi barazanar da ba ni da ikon cikawa. Ya sunkuya ya gode min ya fita.

Da aka gama gaishe-gaishen shekara na hau dutse zuwa gidansu. Na makara. Ya bi kawunsa tun hayaƙin wasan wuta bai washe ba. Na tarar da uwar ita kaɗai a bakin murhu, ta ba ni shayi, ta ɓare min lemo. Ta ce abincin jajiberen Sabuwar Shekara ma shiru suka ci, ta ce ba ta hana shi tafiya ba don ta lura Turancin ne ya fi ƙarfinsa, tun da har ya daina aiko mata da aikin gida. Na ce ta ba ni wayarta. Kun san ɗan jan ɗigon nan da ke tsayawa a gefen saƙon da ba a saurara ba. Na ja da yatsa, na ja, na ja, jajayen ɗigo a jere kamar barkonon da tsohuwar ke shiryawa. Na farkon ne kawai ba shi da ɗigo.

Na zo da faɗa a bakina, ba zan ɓoye muku ba. Amma ta riga ni magana. Ta ce su takwas ne a ɗakin kwanan ma'aikata. Ranar da saƙon farko ya zo ta kunna shi da murna, sai ga Turanci. Matan ɗakin suka taru suna yabo, ɗaya ta ce, to fassara mana, me ɗan naki ya ce? Ta tsaya riƙe da waya, ba ta san kalma ɗaya ba. Ta kashe tun bai yi nisa ba.

Ta ce da ni, “Malama, na ɗauka naki ne, na ɗauka shaida kawai yake aiko min. Kunya nake ji in ji muryar ɗan da na haifa ban san me yake cewa ba.”

Rashin sani ya fi dare duhu. Wa zan yi wa faɗa? Na kunna mata ɗaya. Turanci ya fara, ta miƙo hannu za ta kashe, na riƙe hannun. Muka jira. Ya gama, aka ji ya kifa takarda, ya yi gyaran murya, sai ga Dongsheng da harshen gidansu yana cewa, Mama, labarin wani mutum ne da ya dasa itatuwa. Ba ta ƙara motsi ba. Muka bi su ɗaya bayan ɗaya, shayi ya huce, wuta ta ci ta cinye. Da muka iso kan tambayar bargon, ta miƙe, ta jingina tsani ta hau saman rufi inda ake ajiye masara, ta buɗe wani tsohon akwati da ke bayan buhuna. Ta san wurin tun tana amarya. Ta sauko da bargon a rungume, ta tsaya a tsakar ɗaki, babu wanda za ta miƙa wa.

Iyaye, ban tsaya nan don in ce kun yi laifi da kuka tafi ba. Dutse ba ya ciyar da kowa, kuma mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo. Ni ma na san kaɗaici. Ɗa ɗaya na haifa, na koya masa Turanci da kyau har ya ɗauke shi ya tafi da shi ƙetaren teku. In na aika masa dogon saƙo, sau da yawa babban yatsan nan nake samu, kuma ina jin zafinsa har ƙashi. Saboda haka roƙo nake yi, ba umarni ba. Daga zangon nan na juya tsarin, labarin zai zo a gaba, Turancin a baya. Amma waɗanda suka riga suka taru a wayoyinku suna nan yadda suke. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Kafin ku hau mota, ku buɗe su. Ba a ce ku gane ba, ba a ce ku fassara wa kowa ba, ba a ce ku gyara ko kalma ɗaya ba. Ku yi haƙuri ku jira Turancin ya wuce, ɗanku yana bayansa.

Maman Dongsheng ta mayar da tikitin motarta, ta ce za ta zauna har a buɗe makaranta bayan bikin fitilu da ke rufe hutun shekara, ko da za ta koma ta tarar an ba wata kujerar ɗinkinta. Ta aika wa ɗanta saƙon murya, ta gaya masa inda bargon yake, ta kuma ce mutumin nan mai dashen itatuwa ya kyauta, amma da ya nemi mataimaki. Har yanzu bai amsa ba, kuma mai aikawa ba ya ganin ko an buɗe. Yau da safe, kafin ta shigo nan, ta roƙi mai gadi ya buɗe mata ɗakin kwanan samari, ta shimfiɗa bargon a kan gadonsa. Ni kuma ban ba kowa teburin Dongsheng ba.

Mai Sama ya kai masu tafiya lafiya, ya tsare su daga sharrin hanya da sharrin inji. Ya ƙara wa kakanninmu kwana da ƙarfin gwiwa. Ya buɗe ƙwaƙwalwar 'ya'yanmu a ranar jarrabawa, ya buɗe kunnuwanmu kafin ranar. Yaron da ke kan babur cikin sanyin wani gari kuma, Mai Sama ya tsare shi, ya sa ya tsaya a gefen titi ya taɓa jan ɗigon nan, ya saurara har ƙarshe.

Na gode.