Taƙi Ɗaya a Hanyar Onklou

A wani garaji kusa da Gare, tashar jirgin ƙasa ta Parakou, Dalhatu na zaune kan benci yana jiran a liƙe masa taya. Gefensa wani mutum ya zuba wa wata mota mai buɗaɗɗen baya ido, makanike na kwance a ƙarƙashinta.

"Malam, taka ce? Me ya same ta?" in ji Dalhatu.

"Ba komai. So nake a ɗaga gabanta ya daidaita da baya, a sa mata manyan tayoyi."

"Kai dai ka ce ado kake so. Mai za ta sha maka, birki ya yi sanyi, ran da ka sha kwana da gudu ta kife."

"Taƙi ɗaya kawai nake nema."

"Wa ya auna maka taƙin?"

"Ni na auna. Da daminar bara cikinta ya zauna a taɓo tsakanin Onklou da Djougou. Da hannu na yi ta tono, tun hantsi har la'asar."

Dalhatu ya yi dariya. "Doya ka labta mata ke nan."

"Matata Mairo na ɗauko. Haihuwa ta zo da gardama, aka ce sai asibiti."

"An dai isa?"

"An isa. Gawa na kai musu, ita da abin cikinta."

"Inna lillahi. Allah ya jiƙanta."

Dalhatu ya daɗe yana kallon ƙasan motar. Can ya ɗaga murya.

"Makanike! Taƙin nan, ka ƙara masa yatsa biyu."