Shagon Garinmu Ba Kifi

Assalamu alaikum mai gabatarwa, barka da aiki. Ni ce Talatu daga Ruwan Bago.

Da ranin bana 'yata ta rame, ƙafafunta suka kumbura. Malamar asibiti a Rogo ta ce, "Ba allura take buƙata ba, ki ba ta kifi da wake da ganye."

Na je shagon garinmu, babu komai sai ashana da sabulu da alewa. Mai shagon ya ce, "Yaya, ina na ga jarin kifi?"

Sai mu matan unguwa muka haɗa masa gyaɗa, ya sayar ya saro busasshen kifi. Yanzu yarinyar har gudu take yi.

Shin yadda hukuma take raba taki, ba za ta tallafa wa masu shagon ƙauye ba? Masu sauraro, ƙofar wa za mu ƙwanƙwasa?