Kunun Tsamiyar da Aka Hana Maigida

A gindin wata dalbejiya a Nassarawa, shekarun da kuɗin fetur ya cika gari, na ji mai sayar da kunu tana tambayar wani dattijon kuku.

"Malam, ka sayi kunu ka zuba masa ido. Bai yi daɗi ba ne?"

"Ya yi, baiwar Allah. Maigidana ne na tuna. Ciwon daji ya kama shi a bayan tumbi, wurin da likita ya ce shi ke narkar da maiƙo. Ya rame har agogonsa na zamewa zuwa gwiwar hannu."

"Wayyo! Ba ya cin abinci?"

"Ni na matsa masa da farfesun kaji da man shanu da madarar gwangwani. In ya ci, sai gudawa. Kullum yana cewa, 'Bala, kunun tsamiya kawai nake so.'"

"To, ka dama masa mana."

"Na ƙi. Na ce kada baƙi su ga babban ma'aikaci da ƙoƙon kunu, su ce kukunsa ne ya ramar da shi."

"Nuna mini gidan, in kai masa da zafinsa."

"Jiya aka yi sadakar uku."

"Allah ya jiƙansa. Sha, Malam, kafin ya huce."

"Na gwada. Ya ƙi wuce mini maƙogwaro."