Ƙarfen Baba a Kan Tudu

Kawu: Salamu alaikum. Auta? Kana jina?

Auta: Wa alaikumus salam, Kawu. Ina wuni?

Kawu: Lafiya lau. Ya haƙuri? Ya Innarka?

Auta: Da godiya. Ta fara ɗan cin abinci. Ya hanya?

Kawu: Ya me?

Auta: Hanya, Kawu!

Kawu: Yauwa, ita ta sa na kira. Wa ya buga ƙarfen babanka yanzu?

Auta: Ni ne. Yau na buɗe rumfar facin. Na ga ƙarfen tayar nan rataye a bishiya, shiru tun ranar da aka kai Baba makwancinsa, sai na kasa jurewa.

Kawu: Allah ya jiƙansa. To me ya faru a gada?

Auta: Ba komai. Ga ta can ina hango ta, fayau, ko akuya babu.

Kawu: Kai! Ka san duk manyan motoci mun faka a gindin tudu? Mai tumatir har ya fara addu'a.

Auta: Subhanallahi! Ai sau uku na buga, yadda yake yi.

Kawu: Kullum ai ukun ne, ɗan nan. Saurin muke saurara, tunda mu daga nan ba ma ganin gadar. In ya buga da sauri, hanya a buɗe take. In ya ja shi a hankali, cunkoso ne ko hatsari, kowa ya taka birki. Kai kuwa ka ja shi kamar mai jiran amsa.

Auta: Hannun ne ya yi nauyi. Sandar duk shatin yatsunsa ne. Ko in bari kawai, kada in jawo wa mutane...

Kawu: Ka bari wa ya yi? Da ƙarar ta tashi, ba wanda ya yi gardama, kowa ya sauka gefe. Mai tanka har hawaye ya share, wai ƙura ce.

Auta: Allah, Kawu?

Kawu: Ina wasa da kai? Sake leƙa gadar.

Auta: A buɗe take.

Kawu: To saki kafaɗa. Babanka da dariya yake buga wannan.

Auta: Bari in gwada... Kun ji?

Kawu: Ba laifi, amma da saura. Hannu ɗaya ka sa, ko?

Auta: Ɗayan na riƙe da waya.

Kawu: Ajiye ta mana! Kai mai tumatir, tada motarka!