Jitar Marigayi Delbert

A bencin wani shagon gyaran kayan kiɗa a birnin Nashville, wata tsohuwa na tsare da wata jita ta kwance mai matakan dannawa da ƙafa, wani saurayi yana ta leƙe.

"Mama, ta wa kika kawo?"

"Tawa."

"Haba dai! Dubi tazarar tsirkiyoyin nan. Ƙirar da ce, ta masu manyan hannuwa. Tawa a matse take, daidai yatsunki. Mu yi musaya mana."

"Haɗiye yawunka, ɗan nan. Mataki ɗaya ne ya sage, shi na kawo gyara."

"To ki sa a matso miki da tsirkiyoyin."

"Bakinku ɗaya da mai jitar, mijina marigayi Delbert. Shekara arba'in yana cewa hannuna ya yi ƙanƙanta. Ko ƙurarta bai taɓa bari na goge ba."

"Allah sarki. Tunawa da shi kike yi ke nan."

"Wace tunawa? Wata bakwai ina buɗa yatsun nan cikin ruwan ɗumi kowace safiya. Ran Lahadi zan kaɗa ta a coci, gaban danginsa kaf, yadda ya bar ta. Ko tsirkiya ɗaya ba za a matsar min ba."