Giyar Bikin Bronwyn

A ɗakin jira na wani asibiti a garin Mildura na Ostireliya, wani dattijo da ya naɗe hannu da tawul ya zauna kusa da wata mata.

"Kare ne ya cije ka, bawan Allah?" in ji matar.

"Ina ma kare ne! Kwalaben giyar da na haɗa ne suka fashe a gareji. Na ga kumfa ta kwanta, sai na ɗura a kwalabe na toshe."

"Kumfa? Kai da furfurarka! Zaƙinta ake aunawa yau, a sake gobe. Sai ma'auni ya tsaya cak giya ta nuna."

"Ina na ga lokaci? Ran Asabar ne bikin 'yata Bronwyn."

"To sauran kwalaben fa?"

"A tebur za a jera su mana."

"Su fashe a fuskar baƙi? Haba!"

"Ke, ƙyale ni! Gefen dangin ango zan kai su. An ce mutanen Perth ne, ko ruwan wanke-wanke ka ba su, shanyewa za su yi har da godiya."

Matar ta juyo ta dube shi da kyau.

"Angon nan, ba Lachlan ba ne?"

"Kin san shi?"

"Gwaggonsa ce ni, jiya na iso daga Perth. Bari dai a ɗinke ka tukuna."