Katakon Keken Maigida

A bencin jiran likita, wata mata ta ji na kusa da ita kafinta ne, sai ta matso.

"Malam, maigidana a keken marasa lafiya yake. Dakalin ƙofarmu ƙafa biyu ne, na kasa hawa da shi."

"Ki jingina katako, baiwar Allah. Tsawonsa ake rabawa da tsayin dakalin. In ƙafa takwas ne, rubu'in nauyin maigidan za ki tura."

"Lungunmu ƙafa huɗu ne, sai bango."

"To, rabin nauyinsa ke nan. Ba 'ya'ya?"

"Kowa ya kama gabansa."

Kafinta ya shiga sake lissafi da yatsu.

"Bar shi kawai," in ji ta. "Yadda yake ramewa, kafin ka yanka katakon zan sungume shi kamar jariri."